Shin Ana Yi wa Ƙarya Ƙarya?

A watan Agusta na 2013, masoyan shirin talabijin ɗin nan na Amurka mai suna Star Trek suka hallara a birnin Las Vegas don taronsu na shekara-shekara. A wani zama aka ce su jera fina-finan sinima da aka ciro daga shirin, tun daga wanda ya fi kwanta musu a rai har zuwa wanda ya fi ɓata musu. Wanda suka jefa can ƙarshen layi shi ne Star Trek Into Darkness, fim ɗin da bai wuce wata uku da fitowa ba, wanda kuma ya tara sama da dala miliyan 460 a faɗin duniya, kuɗin da babu wani fim na wannan gida da ya taɓa tarawa. Ba su ce hoton bai fito ba, ba su ce 'yan wasan ba su iya ba. Babban ƙorafinsu shi ne wannan ba Star Trek ba ne, kuma mutumin da ake kira Kyaftin Kirk a ciki ba Kirk ɗin da suka sani ba ne.

Mai awon riɗi a Gagarawa ko ɗan acaɓa a Sule Tankarkar ba lalle ya taɓa jin sunan Kirk ba, amma wannan magana ya san ta sarai, wataƙila ma da bakinsa ya faɗe ta. Lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar shirin Labarina na Aminu Saira a 2022, aka ɗauko Fati Washa ta ci gaba da fitowa a matsayin Sumayya, zancen da ya cika majalisun samari da shagunan caji, inda ake tura wa mutane fina-finai a waya, ke nan: "Wallahi wannan ba Sumayya ba ce." Wasu suka ce sun bar kallo ke nan. Wasu suka ce a yi mata uzuri, gado ta tarar mai nauyi.

Duk wanda ya tsaya ya yi tunani zai ga abin da ɗaure kai. Sumayya ba a haife ta ba, ba a yanka mata ragon suna ba, ba ta da dangi a kowace unguwa ta Kano. Marubuci ne ya zauna ya ƙage ta. Kirk ma haka. To wace Sumayya ce ta gaskiya da har za a ce wannan ta jabu ce? In labari tun tushensa ƙage ne, mai ƙagen ya ɗora wani ƙagen a kai, wa aka zalunta? Shin ana yi wa ƙarya ƙarya? A ƙasar da har gobe ake tambayar malamai a rediyo hukuncin kallon fim da rubuta littafin soyayya, wannan tambaya ta wuce hirar teburin mai shayi. Amsarta ce za ta nuna ko ɗan kallon da ya fusata yana da gaskiya, ita ce kuma za ta nuna matsayin ƙagaggen labari gaba ɗaya a wurin Musulmi.

Gene Roddenberry, wanda ya yi tuƙin jirgin sama ya kuma yi aikin ɗan sanda a Los Angeles kafin ya koma rubutu, shi ya ƙago Star Trek. Tashar NBC ta fara nuna shi ranar 8 ga Satumba, 1966. Labari ne na wani kumbo mai suna Enterprise da ke ratsa sararin samaniya a wani zamani mai zuwa, yana leƙa duniyoyin da ɗan Adam bai taɓa takawa ba. Kirk ne jagoran tafiya, mai zafin nama da saurin yanke hukunci. Mataimakinsa Spock, uwarsa 'yar Adam, ubansa ɗan wata duniya mai suna Vulcan, ba ya bin komai sai hujjar hankali. Likitansu McCoy mutum ne mai tausayi da saurin hasala. A kujerar sadarwa akwai Uhura, mace baƙar fata, a daidai lokacin da baƙaƙen Amurka ke kan titi suna neman haƙƙinsu. Wadda ta fito a wannan matsayi, Nichelle Nichols, ta sha ba da labarin yadda Martin Luther King ya roƙe ta kada ta bar shirin. Daga baya aka ƙara Chekov, ɗan Rasha, ana tsakiyar zaman doya da manja tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet. Saƙon a fili yake: wata rana mutane za su bar yunwa da wariya a baya, kuma in rigima ta taso, shawara da ilimi za a fara gwadawa kafin makami.

Shirin bai yi farin jinin da tashar ke so ba. A 1968 aka yi niyyar tsayar da shi, masoyansa suka yi ta aika wasiƙu har aka ƙara masa zango ɗaya. A 1969 aka rufe shi yana da kashi 79. Amma masoyan ba su watse ba. Suka bi shi a tashoshin da ke maimaita shi, suka yi babban taronsu na farko a New York a 1972, suka matsa da wasiƙu har Shugaba Gerald Ford ya sa aka raɗa wa kumbon gwaji na hukumar NASA suna Enterprise a 1976. Wannan naci na cikin abin da ya sa kamfanin Paramount ya mayar da shirin fim ɗin sinima a 1979. Saboda haka idan waɗannan mutane suka ce suna da haƙƙi a labarin, ba da baki kawai suke faɗa ba. Da sun yi shiru, da tuni an manta da shi.

A fina-finan ne rigimar ta fara. Na farko, na 1979, shi ya fi kusa da zuciyar Roddenberry: wata tsohuwar na'urar bincike da mutane suka harba ta ɓace a sarari, ta tara ilimi marar iyaka, ta dawo tana neman wanda ya ƙera ta. Tunanin yana da zurfi, amma tafiyar fim ɗin ta hawainiya ce, 'yan kallo da yawa suka gaji. Kamfanin ya karɓe ragama daga hannun Roddenberry ya miƙa wa Harve Bennett, aka kuma ɗauko darakta Nicholas Meyer, wanda da bakinsa ya ce kafin nan bai san shirin ba. Su suka yi The Wrath of Khan a 1982. Roddenberry bai so yadda aka mayar da kumbonsa kamar jirgin ruwan yaƙi ba. Da labari ya fita cewa za a kashe Spock, masoya suka yi ca, wasiƙun zagi har da na barazana suka yi ta zuwa. Fim ɗin ya fito, Spock ya shiga ɗakin injin da guba ta cika don ya ceci abokan tafiyarsa, ya yi bankwana da Kirk ta bayan gilashi, ya mutu. Waɗanda suka yi zagin suka fito sinima suna share hawaye. Tun daga ranar, a kusan duk ƙuri'ar da masoya suka kaɗa, shi ne kan gaba, har da ta Las Vegas.

Wato fim ɗin da masoya suka yarda shi ne Star Trek na gaskiya, baƙo ne ya yi shi, mai labarin bai so shi ba, su kansu sun yaƙe shi kafin su gan shi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa abin da suke karewa ba nufin marubuci na farko ba ne, ba kuma zaman komai yadda yake ba ne. Wani abu ne daban, kuma malaman Musulunci sun riga masu sharhin fim isa wurin.

Tsoron ƙagaggen labari tsohon abu ne, kuma yana da dalili. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito hadisin da ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ke shirga ƙarya don ya ba mutane dariya. Malaman tafsiri, wajen bayanin aya ta shida ta Suratu Luƙman, sun kawo labarin Nadru bin Haris, Baƙuraishen da ya koyo tatsuniyoyin Farisa na Rustum da Isfandiyar, yana bin majalisun Makka yana karanta su don ya janye kunnuwan mutane daga Alƙur'ani. Ibnul Jauzi, wanda ya rasu a 1201, ya rubuta littafi guda a kan masu ba da ƙissa a masallatai, waɗanda ke ƙirƙiro ruwayoyi su jingina wa Annabawa da salihai don su sa jama'a kuka. Ko a nan gida, lokacin da Rupert East ya zagaya a 1933 yana neman waɗanda za su shiga gasar rubuta labarai da Hausa, ya sha wuya kafin ya shawo kan masu ilimi cewa zama a ƙago labari aiki ne da ya dace da malami.

Amma a zaurukan ilimi ɗin nan dai, daga Kano zuwa Gumel zuwa Damagaram, ɗalibin da ya yi nisa a lugga sai ya karanta Muƙamar Hariri, labarai hamsin na wani mayaudari mai zaƙin baki, Abu Zaid, wanda bai taɓa rayuwa ba. Hariri, wanda ya rasu a 1122, ya san za a zarge shi, sai ya kare kansa tun a gabatarwa: ya kwatanta aikinsa da labaran da ake sa wa dabbobi magana a baki, waɗanda babu mai hankalin da ya taɓa ɗaukar mai ba da su maƙaryaci, ya kuma jingina da cewa ayyuka suna bin niyya. Daga wannan rijiya Abubakar Imam ya ɗebo wasu dabarun Ruwan Bagaja, inda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke ta yi wa juna ƙulli. Ashe malamai ba labarin suka ƙi ba. Nadru ya yi nasa don ya toshe gaskiya, masu ƙissa sun yi nasu suna cewa ya faru alhali bai faru ba. Ƙarya ita ce ka sa mutum ya gaskata abin da ka san ba haka yake ba. Inda mai faɗa da mai ji duk suka san ƙage ne, ba a yaudari kowa ba.

Bahaushe ya daɗe da warware wannan a tsakar gida. Kafin kaka ta fara tatsuniya sai ta nemi izini da "ga ta nan, ga ta nanku", yara su amsa, in ta gama kuma ta rufe da faɗa musu ƙarara cewa shiri ne ta yi, ta ɗora wa Gizo. An ƙulla yarjejeniya ke nan, an kuma kwance ta. To amma a gwada sauya halin mutanen cikinta. Ranar da kaka ta ce Kura ta ga nama ta kau da kai, ko Gizo ya raba gara da Ƙoƙi tsakani da Allah ba tare da wata manufa ba, nan take za ta ji: "Haba Kaka, ba haka ba ne!" Yaron da ya faɗi haka ya san babu Gizo mai magana. Ya yarda a ce masa gizo-gizo ya hau raƙumi ya tafi fadar sarki, bai yi musu ba. Abin da ya ƙi shi ne a ce mai haɗama ya bar haɗama ba dalili.

Nan amsar take. Ƙagaggen labari ba ya da'awar cewa wane ya rayu a shekara kaza. Da'awarsa ita ce: mutum mai irin wannan hali, in ya faɗa irin wannan yanayi, ga abin da zai aikata, ga kuma abin da zai biyo baya. Wannan da'awa tana iya zama gaskiya, tana iya zama ƙarya, kuma kowane ɗan kallo yana da ma'aunin gwada ta, tunda ya zauna da mutane ya san halinsu. Saboda haka, ƙwarai, ana yi wa ƙage ƙarya. Ana yi masa ita ranar da aka saɓa alkawarin da aka ɗaukar wa mai sauraro game da halin mutanen labarin da kuma sakamakon ayyukansu.

Da wannan ma'auni, mutanen Las Vegas suna da hujja. Into Darkness ya ɗauko wancan bankwana na 1982 ya juya shi: wannan karon Kirk ne a bayan gilashi yana mutuwa, Spock a waje. Sai dai mutuwar Spock ta zo ne bayan 'yan kallo sun shekara goma sha biyar da sanin abotar mutanen biyu, kuma aka rufe fim ɗin yana mace. Gaskiya ne an dawo da shi a fim na 1984, amma sai da Kirk ya rasa ɗansa, ya kuma tarwatsa kumbonsa da hannunsa. A na 2013 kuwa, Kirk ya mutu, kafin ɗan kallo ya gama jimami an ɗura masa jinin Khan, abokin gabarsu, ya farfaɗo. An nemi hawayen mutane ba a biya kuɗinsa ba, an kuma nuna musu cewa sadaukar da rai abu ne mai arha. Ga shi an ɗauki Khan, wanda tun fitowarsa ta farko a 1967 aka danganta shi da arewacin Indiya, aka ba Baturen Ingila Benedict Cumberbatch. Ga kuma shirin da aka san shi da tunani da shawara ya koma guje-guje da fashe-fashe. Fushin da ya biyo baya fushi ne na wanda aka ci amanarsa, kuma bai kamata a raina shi ba.

Sai dai masoya su ma suna da inda suke wuce gona da iri, kuma wannan ya fi hatsari ga mai imani. A 1994 wani masani mai suna Michael Jindra ya buga nazari a mujallar Sociology of Religion, inda ya nuna yadda son Star Trek ya ɗauki kamannin addini a wurin wasu: suna da wuraren ziyara, suna da tarukan shekara, suna da jayayya mai zafi a kan wane kashi ne ingantacce wane ne ba a kafa hujja da shi. An shekara da shekaru ana musu a kan ko shirin zane na 1973 yana cikin tarihin da aka yarda da shi. Harshen Klingon da masanin harshe Marc Okrand ya tsara don fina-finan, akwai masu koyonsa har su yi hira da shi. Koyon harshe ba laifi ba ne. Laifin yana farawa ranar da mutum ya aika wa darakta barazana don ya taɓa masa jarumi, ko ya hau Facebook ya ci mutuncin 'yar wasa don ta karɓi aikin da wata ta bari. Wannan na biyun ba a Amurka kaɗai ake yi ba. An bar mutum mai rai, mai iyaye da mutunci, an yi masa zunubi na gaske, don kare wanda babu shi.

Musulmi yana da Littafi ɗaya da Allah Ya yi alkawarin tsarewa. Alaramman da ke tsangaya a ƙasar Gumel, wanda zai rubuta Alƙur'ani da ka a ruwayar Warshu, a zo a bi shi wasali bayan wasali, in an ga ɗigo ɗaya ya kauce a gyara, yana yin abin da ya dace da wannan Littafi, domin maganar Ubangiji ce. Ɗaukar irin wannan kishi a ɗora wa rubutun da wani ya yi da daddare don ya cika zango na huɗu, ajiye abu ne a inda ba muhallinsa ba. Labarin ɗan Adam dole ya sauya, don masu yin sa suna tsufa, suna saɓawa, suna mutuwa. Roddenberry ya mutu a 1991, aka ci gaba. Nura Mustapha Waye, daraktan Izzar So, ya rasu a 2022, Lawan Ahmad da abokan aikinsa suka ci gaba da labarin Umar Hashim.

Masana falsafar Girka sun yi ta juya misalin wani jirgin ruwa da aka riƙa sauya katakansa ɗaya bayan ɗaya har babu na asali ko guda, suna tambaya ko shi ne dai jirgin. Mutumin ƙasar Gumel yana da misalin da ya fi wannan kusa. Kasuwar Maigatari tana ci kowace Alhamis. Babu raƙumi ko sa ko ɗaya a karar yau da ya kasance a can shekara ashirin da suka wuce, dillalai da yawa 'ya'yansu ne suka gaje su, rumfuna an rushe an sake. Duk da haka Buzun da ya gangaro daga Nijar da mahaucin da ya taso daga kudu ba sa shakkar cewa Maigatari suka zo. Abin da zai sa su ce ba ita ba ce shi ne ranar da aka yi ciniki aka sallama, dillali ya juya magana, kuma kowa ya ga ba komai. Fuskar ɗan wasa kamar dabbar kara ce, tana zuwa tana wucewa. Wanda ya ce sabuwar Sumayya ba Sumayya ba ce don kawai murya da kamanni sun sauya, sabo ne ke magana, kuma sabo yana da uzuri amma ba hujja ba ne. Wanda ya ce ba ita ba ce don ya ga ta aikata abin da mai irin tarbiyyarta ba za ta aikata ba, shi ya kamata marubuci ya tsaya ya saurara.

Akwai kuma inda ƙuri'ar masoya ke rufe ido ga abu mai daraja. Fim na biyar, The Final Frontier na 1989, wanda William Shatner, mai fitowa a Kirk, ya ba da umarni da kansa, yana cikin waɗanda aka fi kushewa. Har kyautar fim mafi muni ta Golden Raspberry ya ci. Kuma lalle aikinsa yana da rauni. Amma a cikinsa wani ɗan uwan Spock mai suna Sybok, mai wa'azi da kwarjini, ya ƙwace kumbon ya nufi tsakiyar taurari don ya gana da abin bautarsa. Suka isa, wata halitta mai haske da amon murya ta bayyana, ta ce ita ce suke nema, ta kuma umarce su su matso da kumbon ya ɗauke ta. Kowa ya rusuna, sai Kirk ya nemi a gaya masa dalilin da zai sa abin bauta ya buƙaci abin hawa. Halittar ta harbe shi da wuta, asirinta ya tonu: fursuna ce mai neman hanyar tsira.

Yaron da ya yi karatun tauhidi a Jeke ko Ɗanzomo zai gane wannan tambaya tun kafin a fassara masa ita. Cikin siffofi ashirin da ake haddacewa daga littafin Sanusi akwai tsayuwar Allah da Zatinsa, wadatuwarsa ga barin wuri da ga barin mai samarwa. Duk mai buƙata ba Ubangiji ba ne. Da irin wannan hujja Annabi Ibrahim, a Suratul An'am, ya kore bautar tauraro da wata da rana, tunda kowanne yana faɗuwa. Roddenberry bai yarda da addini ba, kuma ƙarshen fim ɗin ya karkata ga cewa wataƙila abin da ake nema a zuciyar mutum kawai yake, wanda nan Musulmi zai raba hanya da shi. Duk da haka fim ɗin da masoya suka jefar ya koyar da yadda ake gane mai da'awar ƙarya komai kwarjininsa, darasin da ba ƙasar da ta wadatu da shi. Wannan ba baƙon abu ba ne a tarihin Musulmi. Ibnu Ɗufail na Andalus, wanda ya rasu a 1185, ya ƙagi Hayyu bin Yaƙzan, yaron da ya tashi shi kaɗai a tsibiri ya kai ga sanin Mahalicci ta hanyar lura da halitta. A Hausa ma, a 1969, shekarar da aka rufe Star Trek kuma mutum ya taka wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaro Kilba da baƙon sama Kolin Koliyo da ya tafi da shi yawon sararin samaniya.

Saboda haka ra'ayin masoya shaida ce mai ƙarfi, amma ba hukuncin ƙarshe ba ce. Sun yi kuskure a kan mutuwar Spock kafin su gani, sun yi daidai a kan fim na 2013, sun kasa ganin abin da ke cikin na 1989. Masu shirya fim kuma suna jin tsoronsu fiye da yadda suke nunawa: a Generations na 1994, an fara ɗaukar mutuwar Kirk da harbi ta baya, 'yan kallon gwaji suka ƙi, aka koma aka sake ɗauka ya mutu bayan ya yi abin bajinta.

Abin da mai labari ke iya yi, kuma ya wajaba a kansa, shi ne ya faɗa wa mai sauraro gaskiyar abin da ya sauya. J. J. Abrams ya yi haka a fim na 2009. Da ya kawo matasan 'yan wasa su maye gurbin tsofaffin, sai aka saƙa a cikin labarin cewa wani abu ya faru da ya karkatar da tarihi zuwa wata hanya, aka kuma kawo Leonard Nimoy, Spock na asali, ya tsaya gaban sabon. Masoya da yawa suka karɓa, domin ba a ce musu abin da suka sani bai faru ba. Da Nimoy ya rasu a 2015, fim na 2016 bai nemo wani ya sa masa kunnuwan ba. Ya sanar da rasuwar tsohon Spock a cikin labarin.

Labarina ya gwada hanyoyin duka. Da Nuhu Abdullahi, mai fitowa a matsayin Mahmud, ya bar shirin, aka kashe Mahmud, 'yan kallo suka yi ta ƙorafi, amma sun san inda aka kwana. Da Nafisa ta tafi, aka riƙe Sumayya aka sauya fuska, kuma wannan ya fi wuyar haɗiya, domin an nemi mutane su yi kamar ba su ga komai ba. Daga baya Aminu Saira ya ajiye wancan babi, ya buɗe sabon labari da Sadiq Sani Sadiq a matsayin Mainasara, da sababbin mutane da sabuwar matsala, bai riƙe komai ba sai sunan shirin. A ƙa'ida wannan ne sauyi mafi girma, tunda babu abin da ya rage na farko. Amma an faɗa a fili cewa sabon labari ne, kuma masu tura fina-finai a Gumel da Maigatari suka ci gaba da loda shi a wayoyin mutane mako bayan mako, muhawarar majalisa ta koma kan wace ce ta dace da Mainasara a cikin matan da ke kewaye da shi.